Yadda na sa wa injin Bitil filtar baƙin mai ba tare da an huda bulok ba

Injin Volkswagen Bitil, wanda iska ke sanyaya shi, haka ya fito daga kamfani babu filtar baƙin mai a jikinsa. Abin da ke gindinsa kawai wata zagayayyar raga ce ta waya, a bayan faifan ƙarfe da noti shida ke riƙe da shi. In ka ciro ta ka ɗaga a rana, kana hango haske ta ramukanta. Dattijon makaniken da ke duba min motar, wanda kowa a garejin Baba yake ce masa, ya kira ta matsamin ƙosai: tana tare ɓaraguzai, gari kuwa ya wuce abinsa. To garin nan shi ne ke cin injin. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal, wato mazaunin ƙarfen da yake juyawa a ciki, a lafiyayyen injin ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma ta wannan 'yar tazarar ce duk ƙura da garin ƙarfen da ke yawo cikin mai suke bi suna gogar ƙarfe.

Kamfanin bai jahilci wannan ba. Maganin da ya bayar shi ne yawan juye: duk kilomita 5,000 a zubar da man, a kwance ragar a wanke, a sa sabon gasket, a ɗura lita biyu da rabi. Wannan lita biyu da rabin kuwa aiki biyu take yi, tana shafe ƙarfe tana kuma kwasar zafi, tunda babu lagireto babu ruwa. Daga baya kamfanin da kansa ya sauya shawara. Injin da ya fito a motar Volkswagen 411 a 1968, wanda aka riƙa sa wa wasu Kombi a shekarun 1970, da filtarsa ya zo. Bitil ɗin da aka riƙa ƙerawa a Meziko ma daga farkon shekarun 1990 an sa musu filta a jikin famfon mai, har zuwa ta ƙarshe da ta fito daga masana'antar Puebla ranar 30 ga Yuli, 2003. Tawa ba ta cikin waɗannan. Haɗin Legas ce, daga masana'antar da aka buɗe kan hanyar Badagry a 1975, wadda ta haɗa Bitil da Igala da iyayenmu suka hau.

Abu biyu suka sa na taso da maganar. Na farko, ba a daɗe da sauke injin an sa masa sabon metal da ringi ba, kuma sai da aka sha wuya kafin kayan su haɗu. Na biyu ƙura. Mutane da yawa ba su san cewa ta bayan fulin karanshaf na wannan injin babu sil na roba ba. Wani zare ne aka sassaƙa a wuyan fulin, wanda in yana juyawa yake mayar da mai ciki. Zaren da ke mayar da mai shi ke jan ƙura ita ma ya shigar da ita. A Jamus wannan ƙaramin abu ne. A Kano, da hunturu, injin yana can bayan mota inda tayoyi ke tayar da ƙasa, lamarin daban ne. Ƙari a kan haka, man zamani an haɗa shi ne don ya riƙe datti a jikinsa ya kai shi filta, ba ya barin sa ya kwanta a ƙasa kamar man da. In babu filtar, sai dattin ya yi ta zagaye har ranar juye.

Baba bai so aikin ba. "Ɗana," in ji shi, "motar nan ta girme ka, ba ta taɓa roƙon kowa filta ba. Man da ke cikin injin ba ya zubewa a titi. Kai kuma kana so ka fito da shi waje cikin tiyo." Na ɗauki maganar da muhimmanci, domin a nan haɗarin aikin yake gaba ɗaya. Tiyo ɗaya ya fita kana gudu, famfo zai watsar da man nan kaf kafin ka gama karatun jar wuta ko koriya da ta kama a gabanka, injin ya buga. Saboda haka duk shawarar da muka yanke daga baya, a kan wannan tsoron muka auna ta.

Hanyoyin da ake bi ba su da yawa. Wadda masu haɗa injin suka fi yarda da ita ita ce a toshe mafitar famfo ta ciki, a fito da man ta murfinsa zuwa filta, sannan a huda bulok a yi masa zare a babbar hanyar mai, man ya koma ta nan. Aiki ne mai kyau, amma wurinsa lokacin da injin yake a warwatse, yadda za a wanke hanyoyin mai fes bayan hudar. Nawa an riga an rufe shi. Akwai masu huda shi a rufe, su cika bakin abin hudar da giris don ya kama garin ƙarfe, wasu su hura iska ta ciki. Baba ya ce shi ba da hannunsa ba, ni ma ban matsa ba: ɓurɓushi ɗaya ya tsere, kai tsaye metal zai nufa, a yi gyaran gangar Auzinawa. Kuma bulok ɗin Bitil haɗin magnesiyam ne, ƙarfe mai laushi wanda garinsa ke kama wuta. Akwai kuma famfo irin na Meziko mai ɗauke da filta a jikinsa, babu tiyo sam, abin da ya fi kwanta wa Baba. Matsalarsa filtar tana zama ne dab da salansa tana gasuwa, kuma da irin salansar da ke jikin tawa ma ba ta samun wurin shiga. Masu jona filta ta mazaunin kular mai (abin da ke sanyaya man) kuwa, wannan ban ba shi daraja ba, don injin yana kauce wa kular duk lokacin da man yake da sanyi da kauri, wato da safe filtar hutu take yi.

Muka tsaya a kan famfo mai murfi mai baki biyu, ɗaya fita ɗaya shiga. Man ya fito ta murfin, ya bi tiyo zuwa filta, ya dawo ta ɗaya bakin ya shiga hanyarsa ta asali. Ba a huda komai, kuma ranar da aka gaji da shi ana iya mayar da tsohon famfo.

Kafin in aika a sayo, Baba ya ce a fara ciro tsohon a ga abin da ke bayansa. Wannan shawara ta fi duk sauran amfani. Harshen famfon mai yana shiga wata tsaga ce a kan kamshaf, kamshaf ɗin kuma iri biyu ne. Na da, gaban giyarsa a shafe yake, da ƙusa uku. Na baya, daga wajajen farkon shekarun 1970, giyarsa ta lotsa ciki, da ƙusa huɗu, kuma famfonsa ya fi shiga ciki. In ka sa famfon shafaffe a kan lotsattse, harshen da ƙyar zai kama tsagar, wata rana ya zame matsin mai ya ɗauke. In ka yi akasin haka, jikin famfon ya daki kawunan ƙusoshi. Shekarar da ke takardar mota ba ta gaya maka komai, domin injin da ya shekara arba'in yana yawo gareji gareji ba ka san kayan wa da wa ke cikinsa ba. Haka sandunan da murfin ke zama a kai, na tsofaffi milimita 6 ne, na baya milimita 8.

Ciro famfon ba ya bukatar sauke injin. Muka zubar da mai, muka cire fambel da kwanon da ke rufe bayan injin, aka sa mota a giya aka ja birkin hannu, aka kwance babban notin fuli mai kai milimita 30. Fulin da abin ja aka zaro shi, don in aka sa ƙarfe aka ɓanɓare shi ta gefe yana lanƙwasa, ya riƙa rawa yana cin fambel. Bayan kwanon da ke ƙarƙashinsa sai ga murfin famfo da notinsa huɗu. Bulok ɗin ɓari biyu ne da suka matse famfon a tsakani, don haka sai an sassauta notin da ke sama da wanda ke ƙasa da shi kafin ya motsa. Baba ya ɗauko wani ƙarfe da ya ƙera tun zamanin da Bitil ke cika garejinsa, mai 'yan hannuwa biyu da ke shiga ramukan famfon, ya riƙa ɗaure notinsa a hankali har famfon ya fito. Yaron garejin ya miƙo sukundireba don a taimaka ta gefe, Baba ya ko kalle shi bai karɓa ba. Na haska tocila cikin ramin, ya juya injin da hannu ina ƙirga kawunan ƙusa suna wucewa. Huɗu.

Tsohon murfin ya nuna abin da muke magana a kai. Inda giyoyin famfo ke gogarsa sun zana da'ira biyu masu zurfin da farce ke maƙalewa a ciki, da wasu siraran layuka inda wani abu mai tauri ya taɓa ratsawa. Duk wannan ta cikin ragar ya wuce.

Sai batun girman giyar famfo. Masu sayarwa suna tallar mai milimita 30 a matsayin wanda ya fi ƙarfi, kuma kunne yana son jin haka. Na zaɓi 26, daidai da na kamfani a injinan baya, saboda yadda bawul ɗin mai na wannan injin yake aiki. Bawul ɗin da ke ɓangaren fuli ba ya auna zafi, matsi yake ji. In matsi ya yi yawa sai ya ɗauka man da sanyi yake, ya buɗe masa hanya ya wuce ba tare da ya bi ta kula ba. Babban famfo a injin da metal ɗinsa sabo ne yana riƙe matsin a sama ko man ya yi zafi, sai kular ta zauna babu aiki, man ya yi ta tafasa. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Man da ya yi kauri fiye da kima ma haka yake yi.

Da kayan suka iso ta hannun wani ɗan'uwa, famfon da mazaunin filtar ba su da laifi, amma tiyon da aka haɗo da su roba ce mai laushi da 'yan maɗaurai na sukuru. Baba ya lanƙwasa shi da yatsu biyu ya toshe, ya ajiye shi gefe bai ce uffan ba. Na tafi wajen masu matse tiyon haidirolik na tifa da katafila, na sa aka yi min guda biyu masu faɗin ciki rabin inci, masu jure zafin baƙin mai, aka matse musu baki na ƙarfe da injin. Kafin in je mun auna tsawon da tsohuwar waya, muka bi da ita duk inda tiyon zai bi, aka bar ɗan sassauci saboda injin yana motsi a mazauninsa, jikin mota kuma ba ya bin sa. Kada a rage faɗin nan don sauƙin lanƙwasa. Duk man injin ta nan zai bi, kuma siririn tiyo matsi yake ci.

Ɗaura sabon famfon ya ɗauki lokaci fiye da yadda na zata, kuma yawancinsa a dubawa ya tafi. Baba ya gwada shi a ramin babu gasket, ya tabbatar yana shiga da ɗan matsi. Famfon da ke kwance a sake iska yake zuƙa ta gefe maimakon mai. Ya leƙa ya ga ramin shigar mai ya yi daidai da na bulok, ya goge wani ɗan kaifi da aka bari a bakin. Ya juya injin ya saurara ko akwai inda yake taɓa ƙusa. Gasket biyu ne a wurin, kuma ba a musanya su: mai ɗan kauri tsakanin famfo da bulok, sai wani siriri ƙwarai tsakanin famfo da murfi. Siririn shi ke tsayar da tazarar da ke gaban giyoyi. Wanda ya yanko kwali mai kauri ya sa a nan ya buɗe wa mai hanyar zillewa, matsi ya faɗi da zarar injin ya ɗumama. Gam ɗin gasket ɗan shafi kawai aka yi, don abin da ya matso ta ciki hanyar mai yake faɗawa. Aka cika tsakanin haƙoran giyoyin da giris mai laushi don famfon ya sami abin zuƙa a tashin farko, aka ɗaure noti huɗun a gicciye, sannan aka koma kan na bulok ɗin da aka sassauta.

Bakunan da ake ɗaurawa a murfin zarensu mai tsukewa ne, yana ƙara matsewa yayin da yake shiga. Mai ƙarfin hannu yana iya tsaga murfin alminiyam da shi. Muka sa man liƙe zare, ba farin tef na masu aikin famfo ba, saboda tef ɗin yana yagewa ya shiga mai. Kwanon ƙarƙashin fuli ya tokare bakin guda, aka yanke masa gefe kaɗan. Ban yarda a jefar da kwanon ba, ko da yake na ga motoci da yawa suna yawo babu shi. Kwanonin nan su ke raba iska mai zafi ta ƙasa da wadda fanka ke zuƙa ta sama.

Filtar muka kafa a ƙarƙashin madigadin baya na hagu, a jikin ƙarfen da ke riƙe bamba, bakinta yana kallon sama don a iya cika ta da mai kafin a ɗaura, kuma ta ɗara ƙasan injin tsawo yadda dutse ko tudun kan titi ba zai same ta ba. Aka yi mata ɗan garkuwa na kwano ta ɓangaren taya. Inda tiyon ya ratsa kusa da salansa aka sa masa rigar kare zafi, aka ɗaure shi da maɗauri mai roba don kada ya goga da ƙarfe. Mazaunin yana da alamar shiga da fita, kuma nan ne ake yin kuskuren da ke kashe injin a minti na farko. Mai yana shiga filta ta ƙananan ramukan gefe ne, ya ratsa takarda, ya fito ta babban ramin tsakiya. A bayan ƙananan ramukan akwai wani leɓen roba da ke hana shi komawa. In aka juya tiyon, leɓen ya rufe hanya ɗif. Muka bi kowane tiyo da hannu daga famfo zuwa filta, ni na bi, Baba ya sake bi.

Zaren mazaunin shi ne 3/4-16, irin na filtar tsohuwar Golf da Toyota masu yawa, don haka samun ta ba wahala ba ne a ko'ina. Samun ta gaskiya shi ne aiki, domin jabu ta yi yawa, kuma a wannan tsarin filtar tana gaban bawul ɗin rage matsi ne, duk ƙarfin famfo a kanta yake fara sauka. Da sanyin safiya man yana da kauri, gwangwani mara ƙwari yana iya kumbura ko robarsa ta fita. Na sayi mai nauyi a hannu, wadda in ka leƙa ciki kana ganin bawul ɗin da ke buɗewa in takarda ta toshe.

Ranar tayarwa muka wanke ragar gindi muka mayar da ita, don har yanzu ita ke tare manyan abubuwa kafin su isa famfo. Notinta shida ba sa son ƙarfi, da ɗan yatsa ake ƙarasa su. Aka ɗura mai, aka cire fulogi huɗu da wayar kwayil, na riƙa murza makulli injin yana juyawa babu wuta. A wurin da na'urar fitilar mai take, kusa da distirbuta, mun riga mun jona agogon matsi. Allurar ta daɗe a kwance har na fara jin babu daɗi, Baba yana tsugune a baya yana cewa, "Ci gaba, tiyo yake cikawa." Can ta motsa, fitilar ta mutu. Aka mayar da fulogi, motar ta tashi, muka bar ta a silo babu mai taɓa totur. Baba ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashi, ya riƙa shafa kowace mahaɗa da yatsa yana dubawa. Da aka kashe aka auna, sai da aka ƙara sama da rabin lita, abin da filta da tiyo suka shanye.

Ma'aunin kamfani shi ne matsi kada ya gaza bar 2 (bar awon matsi ne) a juyi 2,500 cikin minti, man yana da zafin digiri 70. Fitilar gaban direba kuwa ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa da rabin bar, shi ya sa na bar agogon a motar har yau. Bayan mun zaga ta yi zafi sosai, matsin ya zauna sama da ma'aunin. Ɗigo ɗaya muka samu a kwalin, daga bakin dawowa, aka ƙara masa ɗan juyi ya tsaya.

Filtar farko ban bar ta ta kai lokacin juye ba. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na cire ta, muka yanke gwangwanin ta gefen baki da almakashin kwano, ba da zarto ba, don kada garin zarton ya rikita abin da muke nema. Na warware takardar na matse man na shimfiɗa ta a rana. A cikin kowane ninki akwai wani toka-tokan laka mai laushi, in ka murza shi tsakanin yatsu kana jin ƙaiƙayin yashi. Akwai 'yan ƙyalli masu launin azurfa da maganaɗisu ya ɗauke wasu ya bar wasu, sai guntayen jan gam ɗin gasket kamar uku, waɗanda tun ranar haɗa injin suke yawo a ciki. Baba ya daɗe yana murza lakar. Ya ce, "To, ta kama. Amma kada in ji ka ce za ka ƙara wa mai kwana."

Ban ƙara ba. Filta tana cire datti, ba ta cire fetur ɗin da kafireta ke zubarwa cikin mai, ba ta kuma gyara man da zafi ya dafa. Juye yana nan a kilomita 5,000, da hunturu ma ba na bari ya kai, kuma duk juye da sabuwar filta da saita bawul a milimita 0.15 injin yana sanyi. Kafin doguwar tafiya ina durƙusawa in shafa bakunan nan huɗu, kuma a but ɗin gaba akwai filta ɗaya, galan na mai, da gajeren tiyo da zai haɗa bakin fita da na shiga kai tsaye in wani abu ya sami filtar a hanya.

Ƙofar da ƙurar ke shigowa har yanzu a buɗe take. Akwai fuli mai sil da ake sayarwa don masu tuƙi cikin yashi, wani irinsa sai an rarake bakin bulok kafin ya zauna, wani kuma ana danna shi haka nan. Baba ya ce in kawo wanda ba a rarakewa ya gani da idonsa kafin ya ce e ko a'a.